Yaro ya haddace A B C, amma ya san harafi? Gurbin wasa a karatun farko

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen makarantar rainon yara da misalin ƙarfe takwas na safe, a Kano ne ko Jos ko garuruwan da ke kewaye da Abuja, ya san wannan amo. Yara talatin ko arba'in sun ɗaga murya suna rera haruffan Ingilishi, malama na gaba da sanda tana bin allo. Da rana yaro ya koma gida ya rera wa iyayensa daga A har Z ba tuntuɓe, a yi murna, a ce kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai dai akwai ɗan gwajin da ke tona asirin wannan murna. A zana harafi guda a ƙasa, kamar "m", a tambayi yaron mene ne wannan. Da yawa sai su yi shiru, wasu kuma su koma farkon waƙar suna ƙirgawa da yatsa ko za su dace. Akwai ma waɗanda suka ɗauka L, M, N da O abu guda ne mai dogon suna, saboda yadda ake jero su da sauri a tsakiyar waƙar. Abin da irin wannan yaro ya mallaka waƙa ce. Harafin kansa bai riga ya shiga hannunsa ba.

Lamarin ya wuce abin dariya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Asusun UNICEF a 2021 ya nuna cewa kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta tushe, wato su karanta ɗan gajeren labari su kuma fahimci abin da ya ƙunsa. Dalilan suna da yawa, daga rashin zuwa makaranta har zuwa cunkoson aji. Amma cikin waɗanda ke zuwa makaranta kullum ma, akwai ɗimbin yaran da suka baro ajin farko ba su gane cewa kowane harafi wakilin wani sauti ne ba, kuma wannan giɓi ne ke bin su aji bayan aji.

Sanin harafi abu uku ne a ɗaure wuri guda: yaro ya gane siffarsa ko a ina ya gan shi, ya san sunansa, ya kuma san sautin da yake bayarwa a cikin kalma. Na ukun shi ne mabuɗin karatu, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wani kwamitin masana da aka kafa a Amurka domin tattara bincike kan karatun ƙuruciya ya bayyana a rahotonsa na 2008 cewa sanin haruffa da iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma suna cikin alamomi mafi ƙarfi da ke nuna yadda yaro zai iya karatu a shekarun da ke tafe.

Me ya kawo wasa cikin maganar?

Ba sabon tunani ba ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa suna "kindergarten" a 1840, wato lambun yara, ya gina koyarwarsa a kan waƙa da motsa jiki da kayan wasa na katako. Maria Montessori, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi irin wadda kafintoci ke goge katako da ita, yaro ya riƙa bin siffar da yatsa yana furta sautin. Ido na gani, yatsa na ji, baki na faɗa, kunne na saurare.

A Najeriya ma, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta daɗe da fayyace cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare, kuma ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 25. Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan bugun manufar na 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. A rubuce komai ya yi daidai. A cikin aji ne ake ganin tazarar.

Ya dace a yi adalci a nan, domin ana yawan zuzuta wasa kamar maganin kowace cuta. Wani nazari da masana na Jami'ar Kambirij suka wallafa a 2022, wanda ya duba bincike 39 da aka yi kan yara masu shekara 3 zuwa 8, ya gano cewa wasan da babba ke jagoranta ya fi koyarwa kai tsaye amfani a wasu fannonin lissafi na farko, amma a ɓangaren karatu ba a ga ɗaya ya rinjayi ɗaya ba. Ma'ana, a saki yara a fili su yi ta guje-guje ba zai koya musu harafi ko ɗaya ba. Dole a sami babban da ya san harafin da yake nufi yau, ya faɗi sautinsa a fili, sannan ya saƙa shi cikin wasa. Fa'idar wasan ita ce yawan maimaitawa ba tare da gajiya ba. Ɗan shekara huɗu ba zai zauna minti ashirin yana kallon allo ba, amma zai yi tsalle ya dira kan harafin "k" sau ashirin, ya kuma nemi a sake.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Kafin a je neman dabara a ƙasashen Turai, akwai abin dubawa a zaure. Malaman allo sun raba karatun farko mataki-mataki: babbaƙu, inda yaro ke koyon baƙaƙe zalla, sannan farfaru, inda ake ɗora musu wasula. Mafi ban sha'awa shi ne sunayen da suka laƙaba wa haruffan Larabci gwargwadon kamanninsu. Akwai ha ƙarami da ha babba, akwai ha kuri mai siffa a dunƙule, akwai ha mai ruwa saboda ɗigon da ke kansa, ga ba guje, ga kaf lasan. Yaron da ya ji "mai ruwa" ya san ɗigo zai nema.

Wannan dabara ta haɗa siffar harafi da wani abu da yaro ya sani ita ce masaniyar ilimi Linnea Ehri da abokan aikinta suka gwada a Amurka a 1984. Sun tarar cewa yara sun fi riƙe sautin harafi idan an zana shi a cikin hoton abin da sunansa ya fara da wannan sauti, kuma siffar abin ta yi kama da ta harafin. A Hausa abin na da sauƙin yi. Harafin "s" zai iya zama sarƙa da aka yar a ƙasa ta lanƙwashe, "t" ya zama taɓarya da aka gitta mata itace, "l" ya zama leda da aka naɗe ta miƙe. Malama ba ta bukatar littafin da aka bugo daga waje kafin ta ƙirƙiro irin waɗannan. Alli da ɗan tunani sun wadatar.

Gatan da Hausa ke da shi

Ingilishi na da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, shi ya sa harafi guda kan yi furuci uku ko huɗu. Rubutun boko na Hausa, wanda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na farko a 1912 aka kuma daidaita shi a shekarun 1930, ya fi wannan gaskiya nesa ba kusa ba. Wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi a duk inda ya faɗo. Gaskiya ne ba a nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutun yau da kullum, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke kama ɗaya a takarda, amma yaron da ke jin harshen ba ya ɓata, jimla na nuna masa hanya.

Saboda haka babu dalilin da zai sa a bi jerin haruffa daga farko zuwa ƙarshe. Da haruffa huɗu kacal, a, m, n da k, yaro zai iya haɗa mama, kaka, nama, kan, mana da amana. Cikin makonni kaɗan ya karanta kalma ta gaske da idonsa, kuma ranar da hakan ta faru ba ya bukatar a lallashe shi ya ci gaba. Tsarin Jolly Phonics da ya samo asali a Birtaniya, wanda aka horar da malamai da dama a jihohin Najeriya a kansa, kan wannan hikima ya dogara: yana farawa da s, a, t, i, p da n saboda yawan kalmomin Ingilishi da ake ginawa da su, kuma kowane sauti da motsin jikin da ke tafiya da shi. Shirin RANA a Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato, sun bi hanyar sauti da gaɓa wajen koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwan firamare.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne idan aka cakuɗa harsunan biyu ba tare da bayani ba. Yaron da aka koya wa cewa sunan C shi ne "si" zai tsaya cak idan ya ga "ciki" ko "cokali". Wanda aka ce masa A ana kiransa "ei" zai yi mamakin "abinci". Ga kuma P, Q, V da X da yake rerawa kullum, waɗanda ba su da aiki a asalin kalmomin Hausa, alhali ɓ, ɗ, ƙ da 'y, da yake furtawa tun yana koyon magana, ba ya ganin su a allon ajinsa. Ɗan Bahaushen da ke tasowa a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas nauyinsa ya fi haka, domin Hausa yake ji a gida, Yarabanci a layi, Ingilishi a aji. Ba laifi ba ne yaro ya koyi haruffan harsuna biyu. Abin da ake bukata shi ne a raba musu lokaci, a kuma gaya masa a fili cewa wannan harafi a Hausa kaza yake cewa, a Ingilishi kuma kaza.

Wasannin da ba sa cin kuɗi

Kunne ke riga ido. Tun kafin a nuna wa yaro harafi, ana iya wasa da sauti zalla: a tafa hannu a kan gaɓoɓin sunansa, A-mi-na tafi uku, Mu-sa tafi biyu. A ce kowa ya nemo abu a tsakar gida da ya fara da irin sautin da "buta" ta fara da shi, sai ga bokiti, ga buhu, ga bargo. Wanda ya kawo kwano ba a yi masa tsawa, sai a furta kalmomin biyu a hankali, a bar kunnensa ya yanke hukunci. Kacici-kacici da zaurance da wasannin karya harshe da yara suka gada duk horon kunne ne, ko da yake ba da wannan suna aka san su ba.

Daga nan sai siffa. Faranti da aka zuba wa yashi ya fi littafin rubutu dacewa da ɗan shekara uku ko huɗu, domin idan ya yi kuskure girgizawa kawai zai yi ya sake, babu jan biro, babu kunya. Ana murza yumɓu a lanƙwasa shi ya zama "o" ko "u", ana jera karan dawa a yi "k" da "t", ana tsoma yatsa a ruwa a rubuta a kan siminti a ga wanda zai faɗi sautin kafin rana ta busar da shi. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Binciken da Karin James ta Jami'ar Indiyana ta wallafa a 2012 kan yara 'yan shekara biyar ya nuna cewa waɗanda suka zana harafi da hannunsu, sassan ƙwaƙwalwarsu masu aikin karatu sun fi motsawa idan suka sake ganin harafin, fiye da waɗanda suka danna shi a kwamfuta.

'Yar gala-gala ma na karɓar haruffa. A zana gidajenta kamar kullum, a sa harafi a kowane gida, duk inda yaro ya dira ya faɗi sautin. Idan an ci gaba, a jera baƙi a layi ɗaya, wasali a ɗaya layin, ya dira da ƙafa biyu a kan "m" da "a" ya ce "ma". Murafan kwalaben lemo da aka rubuta wa haruffa sukan zama kuɗin kasuwar wasa, inda mai sayen nama sai ya biya da "n", mai sayen kifi ya biya da "k". A nan akwai jan kunne: murafai da tsakuwa da ƙwallon dabino ba na yaran da ba su kai shekara uku ba ne, domin komai baki suke kai shi.

Harafin da ya fi kowanne daraja a wurin yaro shi ne na farkon sunansa. Masu bincike sun daɗe da lura cewa yara kan riga sanin haruffan sunayensu kafin sauran. Malamar da ta rubuta sunan kowane yaro a ɗan kwali, ta baza a tabarma kowa ya nemo nasa da safe, ta mayar da kiran suna darasi. Ba a jimawa Hauwa za ta gano cewa ita da Habu da Halima "harafinsu ɗaya", kuma daga wannan gardama ta yara ake samun karatu.

Ƙugiya da juyin harafi

Iyaye da yawa kan tsorata idan suka ga ɗansu ya rubuta "d" a wurin "b". A wannan shekaru abu ne da aka saba gani. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba ɗaukar abu a matsayin abu guda ko ta wace fuska ya juyo. Buta buta ce, ko bakinta na kallon gabas ko yamma. Rubutu ne kaɗai ya zo da dokar cewa juyawa na sauya ma'ana, kuma sai yaro ya yi ta gwadawa kafin ya saba. Yawancin yara kan daina da kansu wajen shekara bakwai. Idan abin ya zarce haka, tare da wahalar rarrabe sautuka, lokaci ya yi da za a nemi shawarar ƙwararre, a kuma duba ido da kunne.

Ɗan Hausa aikinsa ninki biyu ne, domin b, d, ɓ da ɗ huɗu ne masu kama da juna. Hikima ita ce kada a koyar da su a mako guda. A bari "b" ta zauna daram kafin "d" ta shigo, sannan masu ƙugiya su biyo baya. Kuma a nan wasa ya fi kowane bayani aiki, saboda bambancin yana da ban dariya. A ajiye hoton kaya da hoton ƙaya, a ɗaga kati, yaro ya ruga wurin wanda aka rubuta. Haka bari da ɓari, kafa da ƙafa, daka da ɗaka. Yaron da ya yi dariyar cewa rashin ƙugiya ya mayar da ƙaya kaya ba zai manta da ita ba. Manya da yawa da ke rubutu a waya yau sun yar da ƙugiyar nan, abin da ke sa yara na ganin rubutu iri biyu, na littafi da na wayar uwa. Baƙaƙe masu goyo irin su sh, ts, ky da ƙw sai a bar su zuwa ƙarshe, a gabatar da su a matsayin abokai biyu masu magana da murya ɗaya.

Abin da ke hana ruwa gudu

Babban cikas ba rashin kayan wasa ba ne. Na farko cunkoso ne, domin malamar da ke riƙe da yara sittin ita kaɗai ba abin da ya fi mata sauƙi kamar rera waƙa baki ɗaya. Duk da haka ana iya raba aji gida huɗu, rukuni ɗaya na wurin yashi, ɗaya na wurin murafai, ɗaya na zane, ita kuma tana tare da na huɗu, bayan minti goma a yi musanya. Na biyu horo ne. Ajin ƙanana shi ake yawan bai wa malamin da ya fi ƙarancin gogewa, bisa zaton cewa aikin raino ne kawai, alhali kwalejojin ilimi na da sashe na musamman na koyar da ƙananan yara.

Na uku kuwa iyaye ne da kansu. Makarantu masu zaman kansu da dama na bai wa 'yan shekara uku aikin gida na cika shafi da haruffa, ba don malamai sun yarda da hakan ba, sai don uban da ya biya kuɗi yana son ganin littafi cike. Idan ya tarar da ɗansa yana murza yumɓu sai ya ce wasa ake yi da kuɗinsa. Amma yatsun yaro a wannan shekaru ba su gama ƙwari ba, kuma tilasta masa riƙe fensir na tsawon lokaci kan haifar da mugun riƙo da ƙin rubutu. Murza yumɓu da yaga takarda da zura zare cikin murfi su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensirin daga baya.

Waya ma ta shigo cikin lissafi. Akwai manhajoji da bidiyon haruffa birjik, yawancinsu na Ingilishi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yara 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana suna zaune gaban allon waya ko talabijin, waɗanda ba su kai haka ba kuma a nisanta su da shi. Bidiyo na iya rera harafi, amma ba ya jin lokacin da yaro ya furta "k" a wurin "ƙ" balle ya gyara masa.

Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa, domin wasan kunne ba ya bukatar takarda, kuma yayan da ke aji uku zai iya zana haruffan a ƙasa. Ga iyayen da ke son sanin inda ɗansu ya tsaya, hanyar a taƙaice take. A rubuta haruffa biyar da aka koya masa a gutsattsarin kwali, a cakuɗa su, a ɗaga ɗaya bayan ɗaya a tambaye shi abin da kowanne ke cewa. Waɗanda ya sani a ajiye su gefe a haɗa masa kalma da su. Waɗanda ya manta su ne za a zana a gidajen 'yar gala-gala gobe da yamma.